Ta'aziyyar Kifin da Na Sa wa Sunanki

Gwarzo, ranar Laraba, kakar 1961

Zuwa ga Asta, farar saniyar garken zuciyata, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, furen gyaɗa da hantsi, wadda dariyarta ta fi nonon safe daɗi, alkawarinta kuma ya fi kumfarsa saurin kwantawa.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da 'yan matanki biyu da shanu, ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa jiya Talata, tsakanin azahar da la'asar, an yi rashin kifi ɗaya a kantin gyaɗa na Gwarzo. Marigayiyar ta cika bayan jinyar kwana uku. Ba ta bar 'ya'ya ba, ba ta bar wasiyya ba. An binne ta a gindin zogale. Ni ne mai gina, ni ne mai rakiya, ni ne kuma mai karɓar gaisuwa. Na ga ya kamata ki ji daga wajena, tunda sunanki na sa mata. Da ajami na rubuta, don ki karanta da kanki, kada yayanki Sajo ya karanta miki yana ƙara gishiri.

Kin tuna ranar da kika fara ganin akwatin? Bara ne war haka. Kin koro jakunanki da lodin gyaɗa daga Garo da kanki, kin ce tun da mijinki ya rasu ba kya yarda da sikelin da ba ki tsaya a kansa ba. Ina cikin awo kika leƙa tagar maigidana, Kwaran nan da ya tashi a bakin teku, wanda ya ga ba zai iya kai Gwarzo teku ba sai ya kawo teku Gwarzo. Akwatin gilashi tsawon ƙaton namiji a kwance, inji na hura masa iska, ruwan gishirinsa daga Ikko ake ɗoro shi a duro cikin taragon da ya sauke gyaɗa. Kika tambaya ko ana cin kifayen ciki, na ce a'a. Ko ana tatsa, na ce a'a. Kika dube ni da littafin kiwonsu a hammata kika ce, "Ashe har a cikin ruwa akwai masu zaman banza." Wayyo Asta! Shekara arba'in da shida ina yawo da zuciyata lafiya lau, rana ɗaya wata mai jakuna ta zage ni, na ji kamar an shafa mini man shanu a ƙirji.

Ranar na nuna miki su ɗaya bayan ɗaya. Ga uku farare masu ratsin jan ƙasa da tsinin baki, waɗanda Turawa ke kira malam-buɗe-littafi, masu kunya, masu tsince-tsince kamar 'yan mata a gonar da aka gama roro. Ga kuma babban, mai launin man gyaɗa da farar ɗamara, wanda suke kira mala'ika. Astagfirullah, wanda ya raɗa masa sunan nan bai taɓa ganinsa yana cizo ba. Na bayyana miki cewa masu kunyar ake fara sakawa su san gida, shi mai ƙarfin ya zo daga ƙarshe. Kika gyaɗa kai kamar ɗaliba. Ashe dariya kike ɓoyewa a mayafi.

Da damina, a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanki, kika ce kin amince da ni. Ba a mafarki na ji ba, Gwaggonki na zaune tana kaɗi, ita ma ta ji. Kika ce in kaka ta yi in zo da manyana. Don murna na sa aka aika wa masuntan Ikko su samo wa babban kifin nan mata, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ni da ke ke nan a cikin gilashi. Da na gaya miki, sai kika tambaya ko an shawarci wadda za a kawo. Kika ce ku ba kwa tura sabuwar saniya cikin garke ranar da aka sayo ta. A bayan shinge ake ɗaure ta, su ga juna, su shinshini juna kwana bakwai, balle in ita ma ta saba shiga gaba a nata garken. Na yi dariya. Na ce kifi ba saniya ba ne, kuma littafina ya ce akwati in ya kai girman namu, kowa zai sami wurinsa.

To, kaka ta yi, na zo. Ranar Juma'a na zo, Asta, da yayana Malam Ashiru wanda ya bar ɗalibansa a Unguwar Tudu, da malamai biyu masu furfura, da huhun goro. Na sa babbar rigar da ban taɓa sawa ba sai da Sallah. Me muka tarar? Ƙofa a rufe, turke babu saniya ko ɗaya! Wai kin kora shanu Madadi cin harawa tun da safe. Harawa, hasken idona? Harawar Madadi ta fi ni? Muka zauna a tabarma har inuwar tsamiyar nan, wadda ta ji alkawarinki, ta tashi daga kanmu ta bar mu a rana. Daga ƙarshe Gwaggo ta fito, ta turo mana goronmu, ta ce saƙonki ɗaya ne: a tambayi Malam lafiyar kifi.

Kin san abin da ake kira komawa Gwarzo da goro a bayan keke? Na karanta labarin sarakunan da aka ci amanarsu, da na mawaƙan Larabawa da suka haukace a sahara saboda mace. Duk cikinsu babu wanda aka mayar wa da goro a gaban malamai biyu. Da kin ce ba kya so, da na haɗiye. Amma ki ce in zo, ki bar ni in zo, ki kuma zaɓi ranar Juma'a? Ke da na ɗauka rijiya ce mai sanyi a tsakiyar bazara, na zura guga a gaban jama'a, ya fito da yashi.

Kuma mene ne laifina? Don na zauna da Sajo mun tsara komai tun kafin ranar, don in hutar da ke? Mun gama magana za ki tare a gidana a Unguwar Tudu, shanu su koma hannunsa, gidan Garo a zuba masa harawa a ciki. Har ɗakin na sa an shafe da farar ƙasa. Gaskiya ne ban tambaye ki ba, kuma sai yanzu da nake rubutu na tuna ban tanadi inda 'yan matan za su kwana ba. Amma wannan ya isa a shanya mutum a rana?

Washegari Asabar direbanmu Datti ya iso da amaryar kifin daga tashar Kano. Tun daga Ikko ana hura mata iska da famfon keke. Masuncin ya rantse mace ce, ko da yake ban san inda ya duba ba. Kyakkyawa, Asta, mai tafiyar isa, irin taki in kin shigo kanti. Maigida ya miƙo mini wani gilashi ya ce in raba akwatin biyu tukuna. Na ƙi. Na ce a raina wannan ai shingen mutuniyar Garo ne, ba zan ba ta gaskiya ba. Na juye ta ciki kai tsaye.

Bai bar ta ta kewaya ko sau ɗaya ba. Duk dutsen da ta nufa nasa ne, duk kusurwar da ta raɓa tasa ce. Ita kuwa ba ta saba sunkuyar da kai ba, ta tsaya ta rama, har ya yayyaga mata fiffike. Ƙananan nan uku suka shige bayan dutse suka daina cin abinci, alhali ba su yi wa kowa komai ba. Kwana uku tana maƙale a saman ruwa kusa da bututun iska, a gidan da aka ce nata ne, ba ta da ko tafin hannu a cikinsa.

Bayan jana'iza na ɗauko littafin don in ga inda ya yaudare ni. Sai na tarar da shafi biyu da laimar damina ta manne, ban taɓa buɗe su ba. Na raba su da wuƙa. Baturen da ya rubuta littafin ya ce kada a haɗa manya biyu masu kama ɗaya. In kuma ya zama dole, a sa gilashi tsakaninsu kwanaki, sannan a kwashe duwatsun duka a sake jera su, yadda babu mai gida babu baƙo. Ya ɓata shafi biyu a kan abin da kika faɗa kina tauna goro.

Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Har yanzu in na ga tsamiya sai in sauya hanya. Amma ga roƙona, ya sanyin ƙirjina: ɗaure ni a bayan shinge. Duk Juma'a zan zo Garo ni kaɗai, ba goro, ba malamai, ba Sajo. In zauna inda za ki gan ni, kwana bakwai ko wata bakwai, har ki faɗa da bakinki inda kike so a jera duwatsun. Ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba, ba zan nemi wata ba, har ranar da ruwan akwatin nan zai koma nono.

Naki, mai fushi, mai jira,
Bashari

Kin ce a tambaye ni lafiyar kifi. Ta mutu, kuma ni na kashe ta. Ke ce da gaskiya, Asta.