Ina Karanta Wa Baba Littattafan Ɗansa, Bai San Ya Rasu Ba

Assalamu alaikum. Anti mai kula da wannan shafi, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Masu karatu, na san a cikinku akwai masu saurin baki, ina roƙonku ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara na zo nema.

Ni malamar firamare ce, a unguwar Sheshe aka haife ni, kuma nan na dawo gidan mahaifinmu tun da aurena ya mutu. Mu biyu Allah ya bar wa Baba, ni da yayana Nasiru, Innarmu ta daɗe da rasuwa. Yaya Nasiru hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau. Tun yana yaro ba shi da abin so irin littattafan yaƙi da almara, 'yan siraran nan da ake bayarwa haya, na ɗaya, na biyu, har abin ya yi nisa, masu labarin matsafa da aljanu da biranen da ba wanda ya taɓa zuwa. Baba ya tsane su. Cewa yake ƙarya ce aka yi wa bango. Akwai ranar da ya zuba wasu a murhu, Yaya ya sa hannu cikin wuta ya ciro, tabon bai taɓa ɓacewa ba. Sauran ya ɓoye a akwatin ƙarfe, in Baba ya tafi kasuwa sai ya karanta mini, yana canza murya, yau shi ne sarki, gobe shi ne aljani. A bakinsa na fara son karatu.

To kun san abin da garin nan ya shiga, ba sai na faɗa muku ba. Tashin bam, dokar hana fita, shinge a kowace kwana, ka sauka daga babur ka tura, ka ɗaga hannu kamar ɓarawo a garin ubanka. Wata safiya aka kai hari a wani shinge wajen Ƙofar Dawanau, da abin ya lafa sai aka bi layi ana kwashe duk namijin da aka gani. Yaya ya tsaya shan shayi ne a hanyarsa ta kasuwa. Babur ɗinsa kawai aka turo mana gida. Ina ne ban je ba? Wannan ofis a ce ba ya nan, wancan a ce ki dawo wani satin, wani a kore ni tun daga ƙofa. Na durƙusa wa masu muƙami waɗanda da bakinsu suka zo zaurenmu neman ƙuri'a, kowa ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Baba dama ciwon suga ya cinye idonsa, ga hawan jini. Da farko rediyo ba ta barin kunnensa, ko za a ambaci waɗanda aka kama. Rannan sai ya kashe ta, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce, "Kowa ƙarya yake, gara shiru." Ya daina cin abinci sai an yi da gaske. Ba ya kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai dai ka ji ya ce, "Yaron nan ko ya ci wani abu?" Matar Yaya kuwa, Rabi, aurensu ko shekara bai yi ba, ta ce ba inda za ta, a ɗakinta zai dawo ya same ta. Gidan ya zama kamar an yi mutuwa, amma ba gawa, ba zaman makoki, ba wanda zai ce maka ka yi haƙuri.

Wani yammaci da aka hana fita, zuciyata ta cushe har na rasa inda zan sa kaina, sai na jawo akwatin nan na buɗe. Na ɗauko wanda muka fi so, labarin wani birni da azzalumin sarki ya haɗa kai da matsafi suka kulle rana a cikin tulu, mutane suka yi shekaru cikin duhu, kowa na tsoron maƙwabcinsa, aka kama wani ɗan maƙeri ba laifin tsaye ba na zaune aka jefa shi kurkukun ƙarƙashin dutse. Da ina yarinya faɗan nake jira, inda takobi zai yi aiki. Wannan karon abin da ya kama ni daban ne, mutanen birnin ne, yadda cikin duhun nan ba su fasa ɗora tukunya ba, ba su fasa kai wa juna garwashi gida-gida ba. Na ga Sheshe a ciki. Ban san ina kuka ba sai da na ji Baba daga kan tabarmarsa ya ce, "Uwata, me kike karantawa kike jan hanci?" Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce, "Littafin Yaya ne, Baba." Sai ya ce, "Na ƙaryar nan?" Na ce, "Shi." Ya ce, "To ɗaga murya."

Daga ranar, in an yi la'asar sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Rabi ta kawo tsintar shinkafarta ta zauna, ni in karanta. Wallahi da idona na ga Baba ya farfaɗo. Ya koma cin tuwo. Har musu yake da mutanen cikin littafin, in waziri ya yi wa talakawa alkawari sai ya ce, "Ka ji ɗan siyasa! Irin namu ne, ku bar shi." Ranar da muka zo inda ɗan maƙerin ya fito daga ƙarƙashin dutse, gashi ya rufe masa fuska, uwarsa ta gane shi da tafiyarsa, Baba ya share ido da bakin rawani ya ce, "Wanda Allah bai kashe ba, dutse ba ya riƙe shi." Rabi ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun ranar da aka turo babur. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Mai da mu farko." Muka koma. Ni kaina a lokacin na yarda, na ce tun da duhun wancan birni ya yaye, namu ma zai yaye.

Anti, ga inda laifina ya fara. Wata rana an tashi daga makaranta, na ga wani mutum tsaye a bakin ƙofa, ramamme, rigarsa kamar ta aro, haƙoransa na gaba babu. Ya ce, "Malama, ke ce ƙanwar Nasiru mai hatsi?" Na ce ni ce. Muka raɓe jikin katanga. Ya ce bai daɗe da fitowa ba, ɗaki ɗaya aka tsare su da Yaya, cunkoson har sai wasu sun tsaya wasu ke samun wurin kwanciya. Ya ce, "Yayanki ne ya riƙe mu. In hankalin mutane ya fara gushewa sai ya ce a yi shiru, ya kama ba mu labari da ka, na birnin da aka kulle wa rana. Har masu gadi kan matso." Sannan ya sunkuyar da kai ya ce zazzaɓi da gudawa suka kama Yaya, ba magani, ya cika kansa na kan cinyar shi mutumin, da kalmar shahada a bakinsa. Aka fitar da shi, bai san inda aka kai shi ba. Na ce ƙarya ne, wani ne dai mai irin sunan. Sai ya faɗi tabon ƙunar da ke hannunsa, ya faɗi sunan tsokanar da Yaya kaɗai ke kirana da shi, ya ce Yaya ne ya kwatanta masa makarantar da nake. Na zauna a ƙasa da hijabina. Ya ce barin garin zai yi, ba zai ba ni lamba ba, tsoro yake ji, amana ce kawai ya zo saukewa. Har ya juya sai ya dawo, yana jin kunya, ya ce, "Malama, ki yi mini haƙuri da wannan tambaya. Ɗan maƙerin nan, ya fito kuwa? Bai kai mu ƙarshe ba." Na ce, "Ya fito." Mutumin nan ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka kamar yaro, ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Na taho gida da niyyar faɗa, Allah shi ne shaidata, har na shirya kalmomin a hanya. Ina shiga na tarar an riga an shimfiɗa tabarma, Rabi ta ajiye littafin a wurin zamana, Baba ya ji motsina ya ce, "Kin makara, Uwata, mun bar bawan Allah a bakin kogi tun jiya." Na zauna. Na buɗe baki in ce inna lillahi, sai na ji karatu na fita. Na ce gobe. Goben ta zo na ce bari Juma'a ta wuce. Azumi ya zo ya wuce, babbar salla ta zo ta wuce, har yau ban faɗa ba.

Na yi ta ba kaina hujja. Likita ya ce a kiyaye wa Baba abin da zai girgiza shi, ai gaskiya ne. In na faɗa ya yanke jiki ya faɗi, wa ya kashe shi? Kuma ina gawa, ina kabari, me zan nuna? Amma in zan faɗi tsakani da Allah, ba don Baba kaɗai ba ne. Tsoro ne, da son kai. Wannan ɗan lokacin na bayan la'asar shi kaɗai ya rage mini. In ina karantawa da irin muryoyin da Yaya ke yi, sai in ji kamar yana zaure yana jingine babur. Ranar da na faɗa, shi ke nan, ya mutu gaba ɗaya. Wace irin ƙanwa ce ke hana a yi wa ɗan'uwanta addu'ar mamaci don ta ci gaba da jin daɗin tatsuniya? Kullum suna cewa Allah ya kuɓutar da shi, ina cewa amin da ƙarfi, a zuci ina cewa Allah ya jiƙansa. Sadaka ma a ɓoye nake yi masa kamar mai sata.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Rabi. Kwanakin baya kawunta ya zo, ya yi wa Baba magana cikin ladabi, ya ce yarinya ce, zaman ya yi tsawo, a bari su je gaban alƙali a duba lamarin auren. Baba ya ce ba zai tauye ta ba, ita ke da zaɓi. Rabi ta biyo ni madafi, ta kama hannuna ta ce, "Ke jininsa ce. Da ya mutu da kin ji a jikinki. Don Allah ki gaya mini, kin ji?" Na kalli idonta na ce, "Ban ji ba." Ta rungume ni, ta fita ta ce wa kawunta ya koma, ita da mijinta. Matar da ya kamata a ce ta yi takaba ta gama, ta san inda rayuwarta ta dosa, ga ta tana sa lalle duk Alhamis ko zai dawo Juma'a. Ni na ɗaure ta da bakina. Wannan haƙƙin ina zan kai shi?

Yanzu ga zaɓe ya matso. Wani ɗan takara ya ce in ya hau zai sa a saki duk wanda aka tsare ba da laifi ba, wani maƙwabci ya kawo wa Baba labari, Baba ya sa aka zaro rediyon daga ƙarƙashin gado. Ya ce lalle in riƙe masa sanda in kai shi layin ƙuri'a, duk da jita-jitar da ake yi cewa za a kai hari a rumfuna. Tsoho makaho zai je ya tsaya a rana, ya sa ransa a haɗari, don a sako wanda ke cikin ƙasa.

Shekaranjiya muka sake zuwa inda ɗan maƙerin ke fitowa. Ina cikin karatu Baba ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ya aiki Rabi ta ɗebo masa ruwa, da ya ji ta yi nisa sai ya juyo da fuskarsa inda nake ya ce, "Uwata, da in kin zo nan a hankali kike bi, har da dariya a muryarki. Yanzu gudu kike kamar mai tsallake wuta. Akwai abin da kika sani?" Na ce, "Mura ce, Baba." Ya ce, "To Allah ya sawwaƙe. Ni dai ba ni da ido, abin da kika gaya mini shi nake gani. Ci gaba."

Na ci gaba, Anti. Na karanta masa har inda rana ta fito daga tulu.

Jama'a, ku taimake ni don Allah. In na faɗa, ina tsoron in binne Baba a satin. In na yi shiru, ina ci gaba da cin amanar makaho da zaluntar baiwar Allah da ta yarda da ni, ga mamaci na jiran addu'ar mahaifinsa. Rabi zan fara gaya wa, ko limamin unguwarmu zan samu ya zo ya faɗa? In sun tambaye ni tun yaushe na sani, in sake yin wata ƙaryar ko in faɗi gaskiya su tsane ni? Malamai da iyaye da ke wannan shafi, an kusa kiran la'asar, na ji Rabi tana kakkaɓe tabarma.

Me zan yi?