Dunƙulen Miso da Inna Ta Bar Mana

Zuwa ga yayata Sumie, a birnin Sao Paulo.

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki Kiyomi, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Noboru da yara. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Inna, na ajiye mata 'yar shinkafarta, sai na ambaci sunanki na roƙa miki lafiya da kwanciyar hankali a wannan ƙasa mai nisa. Ina fatan gwiwar nan ta yi sauƙi, kuma kin rage tsayuwar yini guda a shago, don ke ma yanzu ba yarinya ba ce. Mu nan muna lafiya. An gama tsinkar tuffa, ta bana ƙanana ce amma akwai zaƙi. Dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, sai dai ba ta sauko gari ba tukuna. Maigidana Masaru yana nan yadda kika san shi, magana sai an matsa. Gwaggo Tomeko, yayar Baba, ƙafa ta yi rauni amma bakin nan bai tsufa ba ko kaɗan. Baba kuwa ya samu sauƙi sosai, kuma a kan sauƙin nasa nake son mu yi magana.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kowane mako muna waya. Gaskiyar ita ce duk lokacin da na ji muryarki sai maganar ta maƙale mini, in ɓige da ba ki labarin tuffa da sanyi. Don haka bari in faɗa tun daga farko kafin in sake kewaye-kewaye. Yaya, dunƙulen miso da Inna ta ware mana ya ƙare, kuma a hannuna ya ƙare.

Kin tuna yadda ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta ajiye a gindin gangar katakon nan ta ɗakin ajiya, a hunturunta na ƙarshe. Iri take kiran sa. Ta ce idan muka dafa sabon wake muka daka, muka zuba gishiri da shinkafar tsimi, to mu marmasa wannan a ciki, shi zai koya wa sabon yadda ake zama miso na gidanmu. Haka ta karɓa daga hannun Kaka, ita ma Kaka haka ta tarar, ba a taɓa yanke shi ba. Bayan jana'iza ni da ke muka tsaya a bakin gangar muka yi alkawari ba wadda za ta taɓa shi sai kin dawo a tsakiyar sanyi mun yi aikin tare. Kin riga kin yanki tikiti saboda wannan. Ban manta ko ɗaya ba, kuma ba zan ce miki mantuwa ce ta sa ba.

Abin da ban gaya miki dalla-dalla ba shi ne halin da Baba ya shiga bayan aikin da aka yi masa a hanji. Na riƙa ce miki yana murmurewa don kada hankalinki ya tashi. Aikin ya yi kyau, amma magungunan da suka biyo baya sun bar cikinsa a hargitse. Yau gudawa, gobe kumburi, ko kunun shinkafa ya sha sai ya dafe ciki. Likitar ta ce maganin ya share ƙwayoyi masu cutarwa, ya haɗa da masu amfani da ke taya hanji aiki, don haka a riƙa ba shi abinci mai tsimi kaɗan-kaɗan, da nama mai laushi don ƙarfi ya dawo. Miso na saman ganga ya riga ya ƙare tun damina, sai na sayo na kanti, mai tsada ma kuwa. Na yi masa miya da shi. Ya sunsuna, ya ture kwanon da bayan hannu, ya ce, "Wannan ai gishiri ne aka shafa wa launi, Kiyomi. Ki ba Masaru, shi komai ci yake." Na yi dariya a gabansa, na koma kicin raina a ɓace, har da jin haushinsa. Kin san ni da saurin fushi.

Wata rana da hantsi na same shi zaune a baranda yana shan rana. Ya ɗaure wandonsa da igiya saboda ba ya zama a ƙugu, kuma da ya ɗaga butar shayi sai da ya sa hannu biyu. Bai kalle ni ba ya ce ya yi mafarkin gasasshiyar kazar nan ta uwarmu, mai miso, har ƙamshin ya tashe shi. Bai roƙe ni komai ba, Yaya, kada ki ɗora masa laifi. Ni na tashi da ƙafata na shiga ɗakin ajiya na ɗaga murfin ganga. Dabarar da na kitsa wa kaina ita ce aro zan yi. Ai miso da ake jiƙa nama a ciki ba cin sa ake yi ba, kankare shi ake yi kafin a ɗora a wuta. To in na kankare sai in tara in mayar, ba wanda ya yi asara. Haka na yi ta faɗa wa kaina ina warware ƙyallen.

Na yi ta yadda Inna take yi. Na samo cinyoyin kaza na tsane su da tsumma, na tsattsaga fatar da cokali mai yatsu, na kwaɓa miso da citta da ɗan zuma na shafe su ciki da waje, na bar su suka kwana a firij. Washegari na kankare, na gasa a wuta marar ƙarfi, gefen fata a ƙasa, ina tsaye a kai don kin san miso da saurin ƙonewa. Da na sauke sai na tuna abin da take yi a ƙarshe: ta lakato ɗanyen miso a bakin cokali ta ɗora a kan naman da zafinsa, tana cewa wuta ta kashe ƙwayoyi masu ran da ke cikin na farko, wannan shi ne zai isa hanji da ransa. Na yi hakan na kai masa. Ya daɗe yana kallon farantin kafin ya ɗauki tsinken cin abinci. Ya cinye, ya haɗa da shinkafa, sannan ya miƙo kwano ya ce ko akwai saura. Na juya na shiga kicin na yi kuka mai isata.

Daga nan na ci gaba, ina tara abin da na kankare a wani kwano cikin firij. Cikinsa ya fara lafawa, kumburin ya ragu, har ya soma zagaya gonar tuffa da sanda. Ko miso ne ya yi aikin, ko dai cin abincin ne kawai, ban sani ba, ni dai na ga mutum yana dawowa. Ana haka ranar nan na ɗauki kwanon zan mayar ganga, sai ga Gwaggo Tomeko ta shigo tana dogara sanda. Ta leƙa kwanon, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, ina za ki da wannan? Miso da ɗanyen nama ya kwana a ciki za ki zuba a sabon wake ya shekara? In kin gaji da mu ne ki faɗa, ba sai kin haɗa da Sumie ba." Na ajiye kwanon a gefe. Abin kunyar shi ne ba sabon abu ta gaya mini ba. A gidan nan na girma, na san ba a yi, na dai rufe ido ne don ina son hanyar da zan bi ba tare da na kira kaina mai karya alkawari ba.

Duk da haka akwai saura mai tsabta a ƙyallen, bai wuce girman ƙwai ba. Gwaggo ta auna shi a tafin hannu ta ce zai isa iri in an lallaɓa, ta naɗe da kanta ta ce in na sake taɓawa za ta karya mini yatsu. Na koma kan miso na kanti. Baba bai yi ƙorafi ba, ya riƙa turawa a hankali don kada in ji ba daɗi, amma kullum abin da yake bari a faranti ƙaruwa yake yi, kuma na sake jin cikinsa yana ƙugi daga inda nake zaune. To a nan ne babban laifina yake, Yaya. Karo na farko ina da ƙaryar da na yi wa kaina, karo na biyu ba ni da komai. Da idona biyu na warware ƙyallen. Na riƙa jiƙa kazar da na kanti, in lakato na Inna a bakin cokali in ɗora a sama, yau kaɗan gobe kaɗan, har na kai ga kankare ƙyallen.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙarewarsa ba ne. Waya tana hannuna duk tsawon lokacin, kuma na san da na tambaye ki da kin ce a ba shi, ba ma sai na gama magana ba. Ban tambaya ba saboda sai na fara gaya miki na ɓoye miki tsananin ciwonsa, ni kuma kunyar wannan nake ji. Ke ma uwarki ce, ke ma ubanki ne. Da ke ma kin ba shi da bakinki daga can inda kike, amma na hana ki wannan, na bar ki kina lissafin zuwa kan abin da babu shi. Ki yafe mini.

Ashe shi Baba ya sani tun farko. Ranar da na ɗora masa na ƙarshe, ya riƙe loma a baki ya daɗe, sannan ya ce, "Na gindin ganga ne wannan. Tun kafin a haife ki nake cin sa, kina tsammanin ba zan gane ba?" Ya ce in gaya miki wai tsohon ɓarawo ne ya shiga ɗakin ajiya, in kin zo ki tuhume shi. Gwaggo tana wurin, ta ce masa, "Kai Genzo, rufe mana baki. Tun kana tsirara kake lashe cokalin Innarmu a ɓoye, yau ka samu mai ɗauko maka." Suka yi ta dariya su biyu, amma na ga ya share ido da hannun riga.

Ban wanke gangar ba. Gwaggo ta ce katakon da ya shekara da shekaru yana shan miso ba ya rasa abin da zai ba sabon wake, kuma sauran ɗanɗanon daga hannun mai kwaɓawa yake fitowa. Ban san ko gaskiya ba ne ko lallashi, kuma ba na son in yi saurin yarda don kawai zai sanyaya mini zuciya. Wataƙila abin da za mu yi bana ba zai yi kama da na Inna ba har abada. Sai dai ga abin da na gani jiya da safe. Kin san ƙaton dutsen nan da ake danne murfin ganga da shi, wanda Baba ya ɗauko daga rafi shekarar da ya auri Inna. Na fito na tarar ya cicciɓo shi shi kaɗai daga ɗakin ajiya har bakin famfo, ya durƙusa yana goge shi da burushi yana haki. Mutumin da butar shayi ta gagara. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya riga ni, ya ce in daina tsayuwa in je in yi maganar sayen wake, Sumie ta kusa zuwa. Na tsaya ina kallon hannayensa a kan dutsen, na ce a raina, to ga inda irin Inna ya tafi.

Don haka ina roƙon ki kada ki fasa zuwa. Idan faɗa za ki yi mini, ki zo ki yi shi a kicin ɗin Inna ina tsaye a gabanki, na cancanta. Ki gaida mini Noboru da kyau, ki ce muna godiya da garin kofin da ya aiko. Ki gaida Emiri da Takuma, ki ce kakansu yana tambayar ko sun iya riƙe tsinke yanzu. Masaru yana gaishe ki, Gwaggo ma tana gaisuwa, ta ce ki taho da rigunan sanyi na gaske ba irin na wancan zuwan ba. Dutsen yana nan bakin ƙofa ya bushe, Baba ya hana kowa ya mayar da shi ciki, ya ce ke za ki ɗora shi a kan murfin.

Ni ce ƙanwarki mai jiran amsarki,
Kiyomi