Ruwan da Ke Ƙarƙashin Jirgina

Litinin, 7 ga Oktoba
Takarda ta iso. An hana kama kifin torsk a tekunmu, sai abin da hali ya yi. Shekara arba'in da ɗaya ina fita da jirgina daga tashar Nexø saboda kifin nan. Cikin masanan da suka sa hannu a rahoton har da Solvej. 'Yata. Torsk ɗin ne ya kai ta jami'a.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ejnar, mai jirgin da ke ɗaure kusa da nawa, ya ɗago daga ɗinkin koma ya ce, "Vagn, a gaida mana likitar ruwa. A ce mun gode, mun samu hutu." Aka kwashe da dariya. Abin haushin, da 'yarsa ce ni ma haka zan faɗa.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Solvej ta zo gida. Uwarta, Gudrun, sai rawar jiki. Ni ban tashi daga kujera ba.

Bayan abinci ta ɗauko kofin gilashi da ƙwan kaza. "Baba, duba." Ta saka ƙwan a ruwan famfo, ya nutse. Ta yi ta zuba gishiri har ya taso. Wai haka ƙwan torsk yake. Wai ruwan saman tekunmu koguna sun tsarma shi, ya yi lami, ba ya iya riƙe ƙwan, sai ya yi ta nutsewa har ya tarar da ruwa mai gishiri can ƙasa. Shi kuma na ƙasan nauyi gare shi, ba ya gaurayuwa da na sama, iska ba ta kai masa. Ya daɗe a kwance, ya shaƙe. A nan ƙwan yake mutuwa.

Na ce to ni na shaƙe shi? Ina manoman da takinsu ke gangarowa teku?

"Ba kai ba ne, Baba. Amma ɗan kifin da ya rage, kai ne za ka kwashe shi."

Na ce a teburina za ki koya mini teku da ƙwan kaza? Na fice na bugo ƙofa. Gudrun ta ce har hoton bango sai da ya karkace.

Asabar, 19 ga Oktoba
"Ga kofi." Iyakar abin da Gudrun ke ce mini ke nan tun Lahadi.

Talata, 22 ga Oktoba
Jirgin awon su Solvej ya lalace, ta aiko uwarta ta roƙe ni in kai ta. Na yarda don in ga ƙaryarta da idona.

Mun kai wurin mai zurfi inda mahaifina ya koya mini sana'a. Ta zura kwalbarta da igiya, mita tamanin da biyar, ta jawo, ta buɗe ta miƙo mini. Warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce kwalbarki ce ba ki wanke ba. Ta ɗauraye a gabana, ta ba ni igiyar na zura da hannuna. Warin dai. Lakar da ta ɗebo baƙa ƙirin, ko tsutsa ɗaya babu.

A hanyar dawowa na tambaye ta maganinsa, ba don na yarda ba. Ta ce sai iskar gabas ta yi makonni tana kore ruwanmu waje, sannan guguwar yamma ta biyo baya ta turo sabon ruwa mai gishiri daga Tekun Arewa. Shi ne zai rarrafo ta ƙasa ya ture mataccen.

"Yaushe?"

"Wani lokaci sai a yi shekara goma ba a gani ba."

Shekarata sittin da biyu. Muka ɗaure jirgi. Ta bar mini kwalbar da na'urar awon gishiri, wai ta manta. Ba mantuwa ba ce, na san uwar da ta haife ta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Ejnar ya miƙa jirginsa a farfasa. Na tsaya na ga an ja shi. Bai tsokani kowa ba yau.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Iskar gabas, kwana goma sha tara. Ruwan tasha ya ja baya har gansakukar bango ta bayyana. Ba wai ƙirgawa nake yi ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba
Iska ta juya yamma tun Asabar. Guguwa sosai, ta yaye rufin rumfata. Gudrun ta kama ni a bakin taga ta ce, "Rufinka ya tafi kana murmushi?" Ba murmushi nake yi ba.

Litinin, 16 ga Disamba
Teku ta kwanta. Na fita, injin yana son a motsa shi, shi ke nan. Tun da na kai wurin, na zura kwalbar. Warin ya ragu. Na'urar ta nuna goma sha bakwai, ranar da muka zo tare goma sha huɗu ta nuna.

Na kira Solvej daga cikin jirgin. Ban gaishe ta ba, lambar kawai na karanta mata. Ta ce, "Baba, sake aunawa." Na auna sau uku. Ta ce wannan ba ya nufin torsk zai dawo, ƙila bai fi shekara biyu ba ruwan ya sake shaƙewa. Na ce na sani, ba sai kin koya mini ba.

Har yanzu ban yafe mata sa hannun nan ba. Ta ce ana bukatar awo duk Litinin. Na ce zan duba. Igiyar tata ta fara tsinkewa wajen ƙulli, na yanke na sake ɗaurewa yadda ya kamata.