Hoton da Ya Riga Waya Isa

Laraba, 13 ga Maris

Na iso filin tseren motoci. Ƙamshin furen lemo har cikin mota, sai atishawa nake yi kamar kowace shekara. Na karɓi rigar shaidar masu ɗaukar hoto, ta bana ruwan ɗorawa ce, ta mai da ni kamar mai gyaran titi. Buck, tsohon abokin sana'ata, yana nan, bai mutu ba. Ya ce shi ma ya yi mamakin ganina da rai. Ya haura saba'in, har yanzu da ɗan babur ɗinsa yake zagaya fili, kyamara uku a wuya.

Renata, editar shafin intanet da nake wa aiki, ta aiko min da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa kyamara. Ka danna maɓalli, hoto ya isa wurinta nan take, ta saka a shafi. Ta ce bara duk an riga mu, bana ba ta son jin labari. Buck ya jujjuya abin ya ce, "Lorna, gobe kuma sai su ce kyamarar ta zo ita kaɗai, ke ki zauna gida."

Alhamis, 14 ga Maris

Gwaji duk yini. Na leƙa garejin su Emmett. Ƙanena ya kusa hamsin, amma in ya ga mota sabon fenti har yanzu baki yake saki. Tasu shuɗiya ce, lamba arba'in da ɗaya. Su uku za su yi karɓa-karɓa da ita cikin awa goma sha biyun da ake yi ana tseren: shi, da wani ɗan Brazil da ba ya magana, da Dakta Lindqvist, likitan haƙorin da ya sayi motar. Dakta ya kafe shi zai tuƙa lokacin faɗuwar rana, don a lokacin ne hoto ke kyau, yana son wanda zai rataya a asibitinsa. Emmett sai bayan duhu zai shiga.

"Yaya, ki ɗauke shi da kyau," in ji Emmett, "ai ba zai ba ki wahala ba, tafiyar hawainiya yake yi." Dakta ya ji, ya ce ya zo a cire masa haƙori ya ga sauri.

Da yamma Maribel, matar Emmett, ta kira. Ba ta taɓa zuwa kallon mijinta ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ranar Asabar, ranar tseren, tana garin Kissimmee, za a yi wa mahaifiyarta bikin ranar haihuwa. Ta maimaita abin da take faɗa duk shekara: "Yaya Lorna, ke ce idona a can. In wani abu ya faru, daga bakinki nake so in ji." Na ce mata ta daina jawo mana, ta ajiye min gasasshen nama.

Juma'a, 15 ga Maris

Tururuwa sun cije ni a ƙafa, rana ta ƙone min wuya. Na'urar Renata tana aiki, har ta yaba min.

Asabar, 16 ga Maris

Yana numfashi. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Lahadi, 17 ga Maris

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara gyara labarin ba.

Rana ta kusa faɗuwa, ina kwanar ƙarshe, a tagar da aka yanka mana a jikin shingen waya. Buck yana gefena. A wannan lokacin rana a ido take, motoci inuwa kawai ake gani, sai birkinsu da ya yi ja. Ba a ganin hular direba, balle fuska. Shuɗiyar ta shigo, wata babbar mota mai gudu ta zo wuce ta ta ciki, taya ta hau taya. Sai na ga shuɗiyar ta tashi sama. Hannuna bai tsaya ba, ya bi ta har ta dira a kan tulin tayoyin da ke jikin bango. Aikin da na koya masa ke nan shekara da shekaru, ba zan zage shi ba.

Na duba bayan kyamara. Mota a kife a sama, rana a ƙarƙashinta, ƙura ta yi kalar zinariya. Ban taɓa ɗaukar irinsa ba, kuma na san haka a take.

Kowa a sana'ar nan ya san ƙa'ida: ba a sakin hoton haɗari sai an ga direba ya fito da ƙafarsa, ko an ji daga likitoci. Ba a rubuce take ba, amma ba wanda bai sani ba. Buck ma ya ce, "Ki jira, Lorna." Ni kuwa abin da ya zo min shi ne, Dakta ne, motocin yanzu ƙarfi gare su, yana fitowa shi zai fara neman a wanke masa hoton babba. Na danna maɓallin na'urar Renata.

Ban sauke kyamarar ba na ji lasifika tana cewa Emmett Tarver ne a ciki. Ashe zafi ya kayar da Dakta tun la'asar, yana tantin likitoci ana ƙara masa ruwa, Emmett ya karɓe shi da wuri. Ya ma tura wa Maribel saƙo kafin ya shiga. Ita ta san wanda ke ciki, ni da nake tsaye a wurin ban sani ba.

Na kira Renata ina ihu ta cire. Ta cire, amma magana zarar bunu ce, ya riga ya watsu. Na kira Maribel. Ta ɗauka ta ce, "Na gani," ta kashe.

An ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a birnin Tampa. Ƙugu ya karye, haƙarƙari da dama, kansa ya bugu. Wata 'yar'uwar Maribel ce ta miƙa mata waya a tsakiyar biki tana cewa, wannan ba motar mijinki ba ce? Haka ta tuƙo mota ita kaɗai har Tampa, ba ta san ko gawa za ta tarar ba.

Litinin, 18 ga Maris

Na yi wa Renata tas. Ta bari na gama, ta ce, "Lorna, ke kika danna. Duk abin da kika aiko, na ɗauka kin tabbatar." Na kashe wayar. Laifi tudu ne, na sani, amma ita ma wa ya aike ta da wannan shegiyar na'ura?

Maribel ta faɗa wa ma'aikatan jinya ita kaɗai, matarsa, ke shiga. Ina zaune a baranda kamar mai jiran bas.

Talata, 19 ga Maris

An yi masa aiki, sun ce ya yi kyau. Ya farka, ya tambayi wa ya ci tseren. Daga bakin wata nas na ji.

Na tare Maribel a wurin injin kofi. Ta rame cikin kwana uku. Na ce ta tsaya ta ji ni, wallahi ban san shi ba ne, Dakta na zata. Na ɗauka wannan zai sanyaya ta. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Au! Wato da mijin wata ne, shi ke nan?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "To me kike nufi, Lorna?" Ko Yaya ba ta ce ba. Na tsaya ina neman abin da nake nufi har ta shige ɗaki.

Laraba, 20 ga Maris

Ba ta yi min adalci ba. Shekara nawa ina wannan aikin ba a taɓa kama ni da irin haka ba? Sau ɗaya. Kuma ƙanena ne, ni na goya shi, ni na koya masa tuƙi a bayan gonar Baba. Ita yaushe ta zo?

Na karanta abin da na rubuta a sama. Na bar shi dai.

Juma'a, 22 ga Maris

Yau matar Dakta ta zo asibiti da kwanon taliya da cuku. Arlene sunanta, gajeriya, mai yawan magana, ban taɓa ganinta ba. Tun da aka ce ba shiga, sai ta zauna kusa da ni.

Ta ce ranar tana kanti tana sayayya aka turo mata hoton. Ita abin da ta sani mijinta ne zai tuƙa da faɗuwar rana, ya yi sati yana cika mata kunne da zancen. "A ƙasa na zauna, 'yar'uwa, tsakanin madara da ƙwai, mutane suna tsallake ni." Ta yi ta kiran wayarsa tana ƙara a cikin jaka a gareji. Sai daga baya ya kira ta daga tantin likitoci. Ta ce ta yi ta godiya ga Allah da ƙarfi a cikin kantin, can kuma kunya ta kama ta, don ta gane in ba nata ba ne, to na wata ne.

Na ce mata ni na ɗauka. Ta ce ta sani, ai sunana yana ƙasan hoton. Ta dafa min gwiwa ta ce, "Aikinki ne, ba na riƙe ki." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ban faɗa mata abin da na raya a raina kafin in danna ba, kuma ina fata kada Maribel ta faɗa mata.

Asabar, 30 ga Maris

Emmett ya kira ni da wayar nas. Muryarsa kamar ta tsoho. "Yaya, an ce kin yi suna da ni, ina kasona?" Ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi ƙarasawa. Ya ce in ba Maribel lokaci. Ba ya tuna komai daga sanda ya sa hula har ya farka, shi ya sa abin yake masa sauƙi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Renata ta ce wata mujalla tana son hoton, kuma ya kamata in shigar da shi gasar ƙarshen shekara. Na ce zan yi tunani. Abin haushin, na yi tunanin. Na buɗe shi na kalla, har yanzu kyau yake min, kuma na tsani kaina a kan haka.

Na kira Buck don ya ce min wani abu, ko faɗa ne. Zancen ciwon gwiwarsa kawai ya yi min.

Alhamis, 25 ga Afrilu

An sallame shi. Likita ya ce zai yi tafiya, tsere kuwa sai dai a talabijin. Ba a gayyace ni tarbarsa ba. Na wuce ta layinsu, na ga motoci a ƙofar gida, ban tsaya ba.

Talata, 7 ga Mayu

Maribel ta kira! Ba gaisuwa. Ta ce Emmett ya dame ta yana son ganin hoton a takarda, babba, don ya san abin da ya same shi. Ta ce, "Ni ma ina so in sake ganinsa, amma yana zaune kusa da ni yana numfashi." Ranar Asabar.

Asabar, 11 ga Mayu

Na kai. Yana kan keken guragu a falo, ya tara gemu, bai yi masa kyau ba, na kuma faɗa masa. Na shimfiɗa hoton a tebur. Ya daɗe yana kallo ya ce, "Kai! Ashe har sama na je ban sani ba." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Maribel ta zauna a hannun kujera, hannunta ɗaya a bayan wuyansa. Ta fi shi daɗewa tana kallo. Ta ce, "Hoto ne mai kyau, Lorna. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan." Sannan ta naɗe shi ta miƙo min, ta ce ba zai kwana a gidanta ba.

Ta raka ni ƙofa. Ta tambaye ni ko har yanzu ina faɗa wa mutane Dakta na zata. Na ce na daina faɗa. Ta ce gobe in an taso daga coci akwai shinkafa da wake, in na ga dama in zo, amma in bar kyamarata a mota.

Na ce to. Ban gaya mata tun watan jiya kyamarar tana cikin kabad ba, kuma tsere biyu Renata ta nema min na ce ba ni da lafiya. Zafi ne ya yi yawa bana, ba wani abu ba. In gari ya yi sanyi wataƙila in fito da ita.