Kakanmu da Rigar Aro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya ƙara maka buɗi a inda kake. Mu nan sai godiya. Ƙafar Goggo ta ɗan sassauta, har tana fitowa da sandarta tana yi wa kowa faɗa, ka ga kuwa sauƙi ya samu. Maigidan ya koma aiki, babbar 'yarka ta nan gidana kuma ta gama jarrabawa, tana nan ba abin da take yi sai barci da cin abinci.

Na zauna na rubuto maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce in bi Baffa a hankali, in cire hoton nan daga littafin tarihin gidanmu da nake haɗawa, a zauna lafiya. To Yaya, ba zan cire ba. Amma ka ji yadda aka yi tukuna, tunda bakin Baffa kaɗai ka ji.

Ka san hoton Kaka da ke rataye a falon Baffa, yana zaune a bayan tebur da rigar kwat, agogo a hannu, tarho a gefe. Da shi aka rene mu, ana cewa kakanku babban akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Da na aro shi don a sake wanke mini, sai na ga hatimin shagon mai hoto a bayansa. Na bi tambaya har na samu shagon, yana nan a saman bene bayan kasuwa, matakalar duk ta zaizaye. Mai shagon ya daɗe da rasuwa, ɗansa ke ciki, shi ma kansa ya yi fari fat. Yana ganin hoton ya yi murmushi, ya shiga ciki ya jawo wani kwali, ya baje mini hotuna a kan kantar shagon. Maza sun fi ashirin, Yaya, kowa a bayan teburin nan, kowa cikin rigar nan mai maɓalli ɗaya daban da sauran, agogon kowa kuma ƙarfe huɗu saura kwata, domin tun da aka saye shi bai taɓa motsi ba. Ya ce rigar ta babansa ce, a ƙusa take rataye, leburori da 'yan dako ke sa ta a ɗauke su su aika gida. Tarhon ma ko igiya ba shi da ita. Na sake duban Kaka, sai a ranar na lura hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Ashe gaskiya ne, kayan aro ba ya rufe katara.

Da ya ga jikina ya yi sanyi, ya ce in dakata, babansa ne ke ɗaukar ma'aikatan tashar hoto duk shekara. Muka yi ta tono har muka samo wanda Kaka ke ciki. Akawuna na zaune a kan kujeru a gaba, Kaka kuwa yana can ƙarshen layi a tsaye, da gajeren wando da doguwar tsintsiya, yana dariya har haƙoransa a waje. Ban taɓa sanin Kaka na da wushirya irin tawa ba.

Na kai wa Goggo. Ta kanga shi kusa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan shi ne ubanta, wancan na falo baƙo ne. Ta ce shekara talatin da ɗaya yana share tashar, tafin hannunsa duk kanta, da shi ya kai su makaranta. Ta kuma faɗa mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa mana. Lokacin da Baffa ke makarantar kwana, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya ce wa abokansa babansa akawu ne, suka ce ya kawo shaida. Da ya zo hutu ya yi ta kuka. Washegari Kaka ya wanke ƙafa ya tafi shagon nan ya sa rigar mutane, don kada ɗansa ya ji kunya. Na yi kuka, Yaya, kuma na ji haushi ƙwarai.

Baffa kuwa da ya ji labari ya aiko aka kira ni. Ya ce na tona asirin gida, wai 'ya'yansa na da surukai masu mutunci, kuma in har hoton tsintsiyar ya shiga littafi to ƙafarsa ta bar gidana, ni ma in nemi wani uban. Na durƙusa na saurare shi har ya gama, ban ɗaga ido ba. Amma wane asiri? Kaka sata ya yi, ko hannu ya miƙa wa wani? Yaro ɗan sha biyu ya rufa wa asiri, yau yaron ya haura saba'in, har yanzu ba a bar bawan Allah ya tuɓe rigar ba. Da tsintsiyar nan aka yi karatun Baffa, da ita aka yi na Babanmu, Allah ya jiƙansa, kai ma da ba don ita ba da ba ka inda kake.

Hotunan biyu duk za su shiga, suna fuskantar juna, da labarin yadda aka yi. Ba zan rubuta abin da zai ci mutuncin Baffa ba, ubana ne. Goggo ta ce tana so ta ga ubanta a shafin farko tun idonta na gani, kuma ka san shekarunta, ba ni da lokacin jiran Baffa ya huce. Shekaranjiya na kai wa mai ɗab'i littafin. In ya fito, ni da kaina zan kai wa Baffa nasa. In ya kore ni in koma wani mako, hanyar gidansa ba ta ɓace mini ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da 'yan biyu, da ƙaramar mai sunan Goggo. Goggo na sa muku albarka, Maigidan ma na gaisuwa. Na sa maka hoton Kaka da tsintsiyarsa a cikin ambulan ɗin nan. Ka tara yara ka nuna musu, ka gaya musu aikin da ya yi da bakinka. In kuma nauyi ya hana ka, ka bari su zo hutu, ni bakina ba ya ciwo.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
wadda kuke kira Kafiya