Askar Namadi

Fakku, ƙasar Kebbe, 1979

Yaya Ummulkulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe min da maigidanki Malam da yara.

Ki kwantar da hankalinki. Ƙullutun nan na nonon hagu an gane shi, daji ne. Namadi mai magani ya duba, ya ce tunda ban bari an yi min allura ba, na tsira. Kin san ciwon daji ba ya son ƙarfe. Allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fantsama jiki duka. Ya yi min tsaga fuɗu kewaye da wurin, ya cusa garin saiwa, ga sassaƙe ina sha. Dakana ma ni ke yin abina.

Motar da kika ce za ta kai ni asibitin Sakkwato, a bar ta ta huta. Ku 'yan Tambuwal tunda kunka samu kwalta da Fijo, kowa sai kun kai shi an yanka!

Ƙanwarki,
Na'inna

Tambuwal

Na'inna,

Wa'alaikumus salam. Na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai. Haka Inna ta riƙa cewa ta ji sauƙi, har ranar da munka wanke gawarta ni da ke. Ba ni son in wanke ki. Ɗiyarki Hauwa'u kwanan nan anka yaye ta.

Abu guda nika tambayarki. Tsagar nan, da me Namadi ya yi ta? Askarsa ta kara ce? In ƙarfe na fusata daji, ya riga ya taɓa ki, kuma da bakinki kin ce kina daka. In ko ba ya fusata shi, me kike tsoro wurin likita?

Malam ya yi miki rubutu, gora cike. Sassaƙen ma ki zo da shi likita ya gani.

Allah ya ba ki lafiya.
Yayarki

Fakku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kai, kin iya kama mutum! Na tura maigida ya tambayi Namadi. Wai askarsa daban ce, an yi mata tofi. Na ce ashe tofi ne kawai? Ai gidanmu tofi ba baƙo ba ne. Ki gaya wa Malam ya shirya, tare za mu, shi zai tofa wa ta likita.

Turo motar. Ƙullutun ya ƙaru, ni ma na gani.

A huta lafiya.
Na'inna

Fakku, bayan Babbar Salla

Yaya,

Ina gaishe ki da hidimar jinya. Na iso gida lafiya, ɗinki ya kame. Ranar da likita ya ce in koma a duba, zan koma, ba sai kin yi min faɗa ba.

Jiya Hauwa'u ta leƙa rigata, ta ce ina ɗayan? Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na ce mata shi na baro Sakkwato, ni kuwa ga ni.

Ki kife ƙwaryar wankan gawar nan taki, Yaya. Ban shirya ba.

Taki,
Na'inna