A Sauke Tutar da ke Kan Ajinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina kuma gaishe ka da haƙuri da jama'a.

Ni ɗalibar aji shida ce a makarantar 'yan mata da ka sa aka mayar da ita tsohon zauren majalisa na garinmu. Ranar da ka zo duba mu, ni aka zaɓa in yi jawabin godiya, amma da na ga taro sai murya ta ƙi fita, wata ta karɓa ta yi. Abin da na kasa faɗi a ranar nake rubutawa yau, tare da kuka guda ɗaya.

Na farko, godiya. Makarantarmu ta asali tana bayan gari, can bayan gonakin dawa. Da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar, aka rufe ta. Masu dangi a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi aka kai su can. Mu da ba mu da inda za a kai mu muka zauna gida muna surfe da wanke-wanke. Kai ka ba mu zauren nan a tsakiyar gari, kusa da masallacin Juma'a. Ka sa aka raba shi da katako ya zama azuzuwa, aka kawo bencina da alluna, aka gina mana makewayi. Allah ya saka maka da alheri.

Na biyu, ina so in faɗi abin da zauren nan yake a wajenmu, domin wanda ba ɗan gari ba zai ɗauka gini ne kawai. Garinmu ya taɓa samun majalisarsa, da shugabanta da kansilolinta, kafin a rushe ta a haɗe mu da ƙaramar hukumar da kake shugabanta. Tun tana nan gari ya rabu biyu, Shiyyar Gabas ta malamai da ma'aikata, da Shiyyar Yamma ta manoma. Jam'iyyu sun sha canza suna, amma in Gabas ta shiga wannan, Yamma sai ta shiga waccan. Gabas ce ta fara cin zaɓe, zamanin da ake tsayawa layi a ƙirga mutane, kuma kakana yana cikin kansilolin. Zaɓen da ya biyo baya Yamma ta karɓe. Har yau kowane ɓangare yana cewa an yi masa maguɗi. Ni ba a haife ni ba, ban san wa ya fi gaskiya ba.

Bayan an rushe majalisar, kujerar kansila ɗaya ta rage mana, amma makullin zauren ya ci gaba da bin wanda ya ci ta. Wanda ya yi nasara zai shafe ginin da fentin jam'iyyarsa ya kafa tuta. Waɗanda suka faɗi kuwa ba sa taka ƙofar sai mulki ya dawo hannunsu, ko rabon taki ake yi, ko allurar rigakafi. Mahaifiyata ta ce goya ni ta yi zuwa wani gari aka yi mini rigakafi, alhali ga ma'aikatan lafiya nan a zaure, saboda a lokacin tutar Yamma ce a sama.

Na uku, abin da ka yi wanda ba wanda ya taɓa yi. Yanzu Yamma ce ke riƙe da kujerar, kuma jam'iyyarku ɗaya. Mu 'yan Gabas ne. Da aka ce a zaure za a yi karatu, iyayenmu suka ce ba inda za mu je. Sai ka sa aka sauke tutar jam'iyyarka da kanka, aka shafe ginin da farin fenti, ka miƙa makullin ga shugabar makarantarmu a gaban kowa. Kakana, wanda rabonsa da ƙofar nan tun yana da ƙarfinsa, shi ya rako ni ranar farko da sandarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "To, shiga."

Na huɗu, kukana. Tun da aka fara maganar zaɓe mai zuwa, wasu samari suka zo da wani tsohon makulli da ba mu san akwai shi ba. Suka liƙa hotunan 'yan takara a bango, suka mayar da tutar jam'iyyarku. Wani lokaci muna tsakiyar darasi sai su shigo su ce za a yi taro. Shugabarmu ta roƙe su su bari a tashi, ɗayansu ya ce, "Hajiya, zaure dai namu ne, aro muka ba ku. 'Yan mata, a ɗan matsa, masu gida sun zo." Ba su taɓa kowa ba, kuma ban ce kai ka aiko su ba. Ina ma zaton ba ka sani ba.

Amma ga abin da ya biyo baya. Yawancin 'yan Gabas na ajinmu an riga an tsayar da su. Ƙawata Hauwa'u, wadda ta fi mu duka lissafi, tana gida. Ni ma kakana ya kira ni ya ce, "Balki, ban hana ki boko ba. Amma jinina ba ya zama ƙarƙashin tutar wasu. In sun sauke, ki tai. In ba su sauke ba, ki zamna gida." Mahaifina ba zai tsallake maganar mahaifinsa ba, ni ma ba zan tsallake ba. Ga jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, kuma wanda ba ya zuwa aji ba a sa sunansa.

Don haka nake roƙo, ranka ya daɗe, a sauke tutar, a cire hotunan, a canza kwaɗon ƙofar. Sannan ka tara manyan shiyyoyin biyu a gaban hakimi da liman, su amince cewa makullin zai zauna a hannun makaranta, ko wa ya ci kujerar. Ina roƙon a yi wannan kafin zaɓe. In kun ci sannan aka yi, Gabas za ta ce alfarma ce kuka yi mata, ba za ta karɓa ba. In kuma Gabas ta ci, to 'yan Yamma na ajinmu ne za a tsayar, kuma su ma ƙawayena ne.

Shekaruna ba su kai na zaɓe ba, ba ni da ƙuri'ar da zan ba ka. Addu'a ce kawai gare ni. Allah ya kare ka, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka gama lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Kakana ya ce ranar Litinin da safe zai je da kansa ya duba. Zan sa kayan makarantata in zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyata in jira ya dawo.

Wassalam.

'Yarka,
Balkisu, aji shida